Taliyar Zobe ta Palermo: Daga Kano Zuwa Sisili

Fata ce ta kai ni Italiya. Mu da muke harkar fatun awaki da tumaki a Kano mun san kaso mai yawa na abin da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa can yake ƙarewa, a mayar da shi takalma da jakunkuna. Wani abokin cinikinmu a Solofra, ƙaramin garin majema da ke gabas da Napoli, shi ya aiko mini da takardar gayyata, na nemi biza, bayan dogon jira aka ba ni. Da labari ya kai kunnen yayata sai ta zo har gida ta ce, "In ka taka ƙasar nan ka dawo ba ka sa ɗana a ido ba, ni da kai ne." Ɗan nata yana Palermo, babban birnin tsibirin Sisili. Karatu ya kai shi, daga baya ya samu aiki a kicin ɗin wani gidan abinci ya zauna. Na duba taswira na ga Napoli da Palermo ba kusa ba ne, har da teku a tsakani. Amma maganar babbar ya ba a mayar da ita.

Mun tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin watan Yuni, muka ya da zango a Addis Ababa, gari na wayewa muka sauka a Fiumicino, filin jirgin birnin Rum. Jami'in shige da fice ya nemi takardar gayyata da tikitin komawa da shaidar masauki, ya ɗauki hoton yatsuna, ya buga hatimi. Kilishin da yayata ta yi wa ɗanta tsaraba tun a Kano na baro shi, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama daga waje. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa na ɗauko, su kuwa ma'aikacin kwastan ya buɗe, ya shinshina, ya mayar mini. Jirgin ƙasa daga filin zuwa tashar Termini Yuro 14 ne, daga nan na hau mai gudu zuwa Napoli, awa ɗaya da 'yan mintuna. Harkar Solofra ta tafi yadda ake so, ba ita ce labarin nan ba.

Ɗan yayata ya ce in hau jirgin sama, kafin in gyara zama na iso. Abokin cinikina ya ce a'a, wanda bai tsallaka mashigin Mesina a jirgin ƙasa ba, ta taga ya shiga Sisili. Na bi tasa, na yanki tikiti Yuro 45. Ina jiran jirgi 'yan sanda biyu suka tsayar da ni suka nemi fasfo, suka duba biza, suka miƙo mini. Ba su ci mini mutunci ba. Sai dai na lura duk waɗanda suka tsayar a wannan layi baƙar fata ne ko Larabawa, abin ya daɗe yana yi mini yawo a rai.

Da hantsi muka ɗaga. Bayan Salerno hanya ta kama bakin teku, ruwa a dama, duwatsu a hagu, mu shiga ƙarƙashin dutse mu fito, mu sake shiga. Wanda ke zaune daura da ni wani dattijo ne da ya yi shekaru yana aiki a masana'antar motoci a Torino, yana komawa garinsu Mistretta a duwatsun arewacin Sisili. Ba ya jin Turanci, ba na jin Italiyanci, jikarsa ce take mana tafinta. Da azahar ya kwance ƙunshin abincinsa ya miƙo mini. Na gode masa, na ce akwai naman da ba na ci. Bai ji haushi ba, ya ba ni burodi da zaitun da cuku. Da ya ji Palermo za ni sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Za su ba ka anelletti, su ce maka babu irinta a duniya. Ka ci, tana da daɗi. Amma gasasshiyar taliya ta gaske a garinmu take." Tasu sunanta pasta 'ncasciata. Ya ce mahaifiyarsa ba ta taɓa mallakar murhun gashi ba. A tukunya take jera taliya da miya da soyayyen yalo da cuku, ta ɗora a kan garwashi, ta ɗebi wani garwashin ta zuba a kan murfi, wuta ta ci ta sama ta ci ta ƙasa. A bakin wannan dattijo na fara jin sunan anelletti, abincin da ya cinye mini sauran tafiyar.

A Villa San Giovanni ƙasar Italiya ta ƙare, sai ruwa. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba: jirgin ƙasa ya shiga cikin jirgin ruwa. Ana raba taragu kashi-kashi, a turo su da baya a kan dogon da aka shimfiɗa a cikin cikin jirgin ruwan, a ɗaure su. Wutar tarago takan ɗauke, zafi ya taso, don haka kowa ya fita ya hau matakala zuwa sama. Mashigin, a inda ya fi ƙunci, bai wuce kilomita 3 da ɗoriya ba, kana tsaye kana hangen gidajen Mesina. Tsallakawar ba ta fi rabin awa ba, amma shigar da taragu da fitar da su sun ci fiye da awa guda. Shekara da shekaru ana maganar gina gada a wurin, har yau jirgin ruwan ne. Mutane suka yi layi suna sayen arancini, dunƙulen shinkafar da ake cusa wa nama a soya. Na tambayi mai sayarwa da 'yan kalmomin da ɗan yayata ya koya mini ko babu alade a ciki, ya ɗaga kafaɗa, na haƙura na sha shayi. A Mesina aka raba jirgin biyu, rabi ya nufi Sirakusa, namu ya miƙe yamma. Dattijon ya sauka kafin Cefalu, ya riƙe hannuna da hannu biyu. Mun shiga Palermo da yamma liƙis.

"Kawu!" Tun daga nesa na ji muryarsa. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, ya durƙusa a tsakiyar tasha ya gaishe ni, mutane suna kallo. Ya kama mini ɗaki a unguwarsu, Albergheria, Yuro 40 a kwana, taga tana kallon kasuwar Ballaro. Barcin safe babu shi a wannan ɗaki, domin 'yan kasuwar ba sa tallan kayansu da magana, rerawa suke yi da iyakar ƙarfin murya, mai kifi yana amsa wa mai lemo. Kasuwar cike take da 'yan Bangaladash da Tunisiya da Gambiya da Gana da 'yan Najeriya, na ga doya da manja da garin rogo a shaguna. Da yawa daga samarin Afirkan da na gaisa da su ta Libiya suka bi, suka hau kwalekwale. Wani yaro ɗan Agadas ya ji muna Hausa ya biyo mu da sallama, muka zauna ya ba ni labarin hanya, wanda ba zan iya maimaita shi a nan ba.

Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin da ke cikin tsohon gari, wanda asalinsa coci ne aka mayar da shi masallaci a 1990. Da aka idar ɗan yayata ya ce, "Kawu, zo in nuna maka abu." Ya kai ni babbar majami'ar birnin, ya tsayar da ni a gaban ginshiƙin farko na hannun hagu a ƙofar kudu. A jikin dutsen an sassaƙa rubutun Larabci, aya ta 54 ta Suratul A'araf. Na karanta ta da idona. Ginshiƙin daga babban masallacin da ya taɓa tsayawa a wurin yake. A 827 rundunar Musulmi ta taso daga Tunisiya ta sauka a Sisili, jagoranta kuwa ba sarkin yaƙi ba ne, malami ne, Asad ɗan Furat, alƙalin Ƙairawan, wanda ya yi karatu a gaban Imamu Malik, kuma a kan littafinsa Sahnun ya gina Mudawwana. Duk wanda ya zauna a zauren fiƙihu a ƙasar Hausa ya ji waɗannan sunaye. Palermo ta faɗa hannunsu a 831, matafiyi Ibn Hauƙal da ya ziyarce ta wajen 973 ya ce masallatanta sun haura 300. Normawa, mayaƙan Kirista masu asali daga arewacin Faransa, suka ƙwace ta a 1072, kuma a ƙarni na 13 Sarki Frederick na Biyu ya kwashe ragowar Musulmin tsibirin zuwa garin Lucera a kudancin Italiya. Mutanen sun tafi, amma lemo da yalo da hanyoyin ban ruwa da suka yaɗa suna nan.

A hanyarmu ta komawa na hango wani abu a cikin gilashin wani shagon abinci: ƙananan curi masu siffar kofin da aka kife, jajaye, an yayyafa musu wani gari, kowanne Yuro 3. Na matsa na ga taliya ce, amma zobe-zobe, kowanne bai fi faɗin farce ba. Ɗan yayata ya riƙe hannuna. "Kawu, ita ce anelletti, amma kar ka saya. Yawancin ta shago akwai alade a miyar, wasu ma har giya suke zubawa. Ka bari sai Lahadi." Ya kuma ja mini kunne a kan burodin saifa da ake rububi a kasuwa, cewa da kitsen alade ake soya shi. Wanda zai je Palermo daga cikinmu ya riƙe wannan.

Lahadin da yake nufi ta gidan matar da yake haya a wurinta ce, tsohuwa mai kimanin shekara 75, gajera, mai kaifin murya, wadda ta ɗauke shi tamkar jika. Shi yana ce mata Nonna, wato kaka, ni ina ce mata Sinyora. Da ta ji kawunsa ya zo daga Afirka ta ce ba zan bar garin ba sai na ci pasta cu furnu, wato taliyar tanderu, kamar yadda mutanen Palermo ke kiranta, kuma ta yarda ta yi ta da naman da za mu ci. Na roƙi alfarmar in ga yadda ake yi tun daga cefane. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce to in zo in riƙe jaka.

Ranar Asabar muka shiga Ballaro. Niƙaƙƙen naman sa muka saya a wurin wani mahauci ɗan Tunisiya, ta sa ya niƙa a gabanta. Ta sayi albasa da karas da seleri, da ƙananan koren waken nan da muke sawa a soyayyar shinkafa, da baƙin yalo manya guda biyu, da ƙwai. Cuku iri biyu ta ɗauka: caciocavallo mai tauri da gishiri wanda ake gogawa, da primosale mai laushi wanda ake yankawa. Taliyar kilo ɗaya. Duka cefanen bai kai Yuro 35 ba, kuma mutum goma sha ne suka ci. Garin busasshen burodi ba ta saya ba, ta ce matar da ke sayen wannan ba ta san gidanta ba, ragowar burodin mako take busarwa ta daka.

Abin da ya fi tsaya mini a cefanen shi ne wani baƙin curi da na ɗauka tsamiya ce. Mai shagon ya yanko da wuƙa ya auna a takarda. Sunansa strattu, tumatir ne. A watan Yuli da Agusta, lokacin da tumatir ya yi araha, mata kan niƙa shi su tace, su sa gishiri, su shimfiɗa a kan faffaɗan katako a rana, suna juyawa suna tattarawa kwana da kwanaki, har ruwan ya ƙone ya koma kamar yumɓu. Sai a shafe shi da man zaitun a rufe a kwalba, ya shekara. Cokali biyu nasa sun fi gwangwani guda ƙarfi. Na tsaya ina tuna Kadawa da Kura a lokacin kaka, kwanduna jere a bakin titi, tumatir yana ruɓewa don babu mai saye, manomi ya zubar ya koma gida da bashi. Mu ma muna shanya kauɗa, amma a ƙasa muke bazawa, ƙura da yashi su shiga, ta yi baƙi, ta rasa daraja a kasuwa. Ranar da suke taƙama da ita a Sisili mu ma muna da ita. Katako ne da gishiri da yadin rufewa saboda ƙuda, sai haƙuri. Babu inji, babu lantarki. Har yanzu ban ga dalilin da zai hana matan karkararmu yin wannan su sayar da shi da damina, lokacin da kwandon tumatir ke gagarar talaka ba.

A daren Asabar ta dafa miyar. Ta soya albasa da karas da seleri a man zaitun a kan wuta kaɗan, ta zuba nama ta yi ta juyawa har ya canza kala, ta narka strattu a ruwan ɗumi ta zuba, ta ƙara niƙaƙƙen tumatir, ta rage wuta ta bar shi yana tafasa a hankali fiye da awa biyu. Waken daga baya ya shiga. Ta ce miyar da ta kwana ta fi ta yau, kuma dole ta yi kauri, in ta yi ruwa gini zai rushe. Da gini take kwatanta aikin duka, da na gani kuma na gane.

Da safe ta tafasa zobban a ruwan gishiri, amma ta tsame su tun suna da sauran tauri sosai, domin za su ƙarasa nuna a wuta. Ta juye su a cikin miya, ta zuba gogaggen cuku, ta gauraya. Ta ɗauko wani zagayayyen kwano mai zurfi wanda ta ce na mahaifiyarta ne, ta shafe cikinsa da mai, ta zuba garin burodi ta jujjuya har ya manne ko'ina. Rabin taliyar ya shiga, ta danna da bayan ludayi. A kai ta jera yankakken cuku mai laushi da soyayyen yalo da dafaffen ƙwai, ta rufe da sauran taliyar, ta sake dannawa, ta yayyafa garin burodi da ɗan mai. Minti 40 ya yi a murhu. Da ta fitar, jikokinta suka taso, ta daka musu tsawa. Sai da ya huce kusan rabin awa, sannan ta kifa faranti a bakin kwanon, ta juya shi da hannu biyu, ta ɗaga. Ya fito a tsaye, a dunƙule, jikinsa ya yi ja ya yi ƙanzo ta ko'ina. Aka tafa mata.

A nan na fahimci hikimar zoben. Doguwar taliya in aka gasa ta takan cure, mai rami kuma takan lotse. Zobe yana shiga cikin ɗan'uwansa, nama da wake su maƙale a raminsa, cuku ya narke ya ɗaure su, sai a yanka da wuƙa kamar alkaki, yankan ya tsaya a faranti bai zube ba. Ɗanɗanonsa kuwa hawa-hawa ne. Haƙori ya fara cin ƙanzo mai ƙaras-ƙaras, ya faɗa cikin taushi, sannan tsamin tumatir da gishirin cuku da zaƙin wake su biyo baya. Yara a kan ƙanzon gefe suke rigima, tsohuwar da kanta take rabawa don kar a yi faɗa, ni baƙo ta ba ni mafi girma.

Mun kai awa uku a kan tebur, kusan rabinta gardama ce. Surukarta ta ce a gidansu ba a sa ƙwai. Babban ɗanta ya ce yalo na mutanen gabashin tsibiri ne, ba na Palermo ba. Tsohuwar ta ce haka uwarta ta yi, magana ta ƙare. Kowane gida da nasa, kuma kowa yana ganin nasa ne na asali. Ta ba mu labarin ƙuruciyarta bayan yaƙin duniya, lokacin da gidajen unguwar ba su da murhun gashi. Ranar Lahadi da safe sai a ɗora wa yara kwanon a kai su kai gidan burodi, mai tanderu ya gasa a ragowar zafin burodin dare a ba shi 'yan kuɗi. Kowace mata takan sa wa nata alama don kar a yi musaya, kuma a bakin tanderun ake gane gidan da ya samu nama a makon da wanda bai samu ba.

Da na tambayi asalin abincin, jikarta ta yi caraf ta ce Larabawa ne suka kawo, kuma an yi zoben ne a kan siffar 'yan kunnen matansu. Mijin 'yarta, malamin tarihi a makarantar sakandare, ya yi murmushi ya ce labari ne mai daɗi da kowa ke faɗa, amma babu takardar da ta tabbatar da shi. Ya ce in duba kwanon da kyau, kowane abu a ciki da zamaninsa. Alkama mai tauri tun zamanin Rumawa Sisili ke ciyar da birnin Rum da ita. Busasshiyar taliya da yalo suna komawa zamanin Musulmi. Tumatir daga nahiyar Amurka ya zo bayan 1492, kuma ya daɗe ana tsoronsa, bai zama abokin taliya sosai ba sai a ƙarni na 19. Zoben kansa aikin injin matsi ne mai bakin tagulla, wanda ya yaɗu a Italiya daga ƙarni na 17. Gasawa a kwano a kife kuwa salon gidajen sarauta ne. A ƙarni na 18 da na 19 manyan Napoli da Palermo suna ɗaukar masu dafa abinci da suka koyi aikin Faransawa, ana ce musu monsu, abin ya ƙara ƙarfi bayan Sarki Ferdinand na Napoli da matarsa Maria Carolina sun gudo Palermo a 1798. Su sukan naɗe taliya da hantar kaza da nama iri-iri a cikin ɓawon fulawa da man shanu. Masu yi musu hidima suka gani, suka koma gida suka yi da abin da suke da shi: busasshen burodi a madadin ɓawon, ɗan nama kaɗan da wake ya ƙara masa auki. Ni wannan bayanin ya fi kwanta mini a rai fiye da na 'yan kunne, domin ya yi daidai da abin da na gani da idona a hannun tsohuwar, wadda ko ɓarɓashin burodi ba ta zubarwa.

Malamin ya ce in ina son abin da yake rubutacce in je Trabia. Washegari muka hau ƙaramin jirgin ƙasa, wajen rabin awa gabas da Palermo a bakin teku, kuɗin bai kai Yuro 4 ba. Ƙaramin gari ne shiru, da tsohuwar ganuwar sarauta a bakin ruwa da gonakin itatuwa a bayansa. Babu wani abin kallo mai yawa, amma sunansa yana cikin littafin Nuzhatul Mushtaƙ da Sharif Idrisi ya kammala wa Sarki Roger na Biyu a Palermo a 1154, littafin da ya yi bayanin Gana da Gawo da Kanem. Idrisi ya ce a Trabia akwai ruwa mai gudu da injinan niƙa da yawa, ana yin wani abinci na gari mai kamar zare da ake kira itriyya, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa Kalabriya da ƙasashen Musulmi da na Kirista. Masu cewa Marco Polo ne ya kawo wa Italiya taliya daga Sin su lura cewa a 1254 aka haife shi, shekara 100 cif bayan wannan rubutu. Ban ce Musulmi ne suka ƙirƙiro taliya ba, amma shaida mafi tsufa ta yin ta da yawa ana busarwa ana fatauci da ita a ƙasar Italiya daga alƙalamin malaminmu ta fito. Na yi sallar azahar a gefen teku a garin, muka ci burodi da kifin gwangwani muka juyo.

Lahadin da ta biyo baya ɗan yayata ya samu hutu ya kai ni Mondello, bakin tekun da mutanen birni ke zuwa, a bas mai lamba 806, Yuro 1.40. Shigar mutane a wurin ba irin wadda idonmu ya saba da ita ba ce, don haka muka zauna can baya a inuwa. Daga nan na ga ainihin aikin wannan abinci. Iyali bayan iyali suna saukowa daga bas da mota, kaka a gaba, wani saurayi a baya rungume da faffaɗan tire da aka ɗaure da tsumman kicin. Da rana ta take sai a kwance, a yanka murabba'i-murabba'i, a miƙa wa kowa a takarda ko a hannu. Ba ya buƙatar ɗumamawa, ba ya zubewa a hanya, tire ɗaya ya ƙosar da gida guda. Aka ce mini ranar 15 ga Agusta da Litinin ɗin bayan Ista abin ya ninka haka, kuma shi ake kai wa mai jego da gidan da aka yi rashi. Wani magidanci da ke kusa da mu ya ga muna kallo ya yanko ya miƙo. Ɗan yayata ya yi masa bayani, mutumin ya dafa ƙirji ya ba da haƙuri, ya koma ya yanko mana kankana.

Dawowa ta sama na yi. Hanyar filin jirgi takan bi ta Capaci, inda 'yan ƙungiyar miyagun nan ta Mafiya suka tayar da bam suka kashe alƙali Giovanni Falcone a 1992, akwai dogayen ginshiƙai biyu na tunawa a gefen titi, filin jirgin ma sunansa da na abokin aikinsa Paolo Borsellino yake ɗauke da shi. A jakata akwai ƙunshin anelletti na rabin kilo-rabin kilo, da cuku da aka ɗaure a leda, da kwalbar strattu da tsohuwar ta ba ni ta ce in kai wa uwar yaronta. Na bi ta Rum da Addis Ababa na sauka Kano, na wuce gidan yayata kai tsaye da hotuna da saƙo.

Maiɗakina ta gwada ranar wata Juma'a da muka tara dangi. Wutar lantarki babu, gas kuma ya yi tsada, sai na gaya mata dabarar mahaifiyar dattijon Mistretta. Ta shafe tukunyar ƙarfe da mai da garin burodi, ta ɗora a kan gawayi, ta zuba garwashi a murfi. Ta ƙara attaruhu a miyar, ta ce ba za ta ba baƙi abinci salam ba. Ya fito a tsaye da ƙanzonsa, yayata ta ci ta ƙara, ta sa aka kira ɗanta a waya ya gani. Da zobban suka ƙare ta gwada da makaroni na kanti, ya yi daɗi amma da aka sa wuƙa sai ya wargaje. Na rubuta wa abokin cinikina na Solofra cewa in zai zo Kano duba fata bayan damina, ya taho mini da kilo biyar.